Tsofaffin Hannun 2go Da Ƙin Sabon Lale

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa a 1996, Lafiya ta zama babban birni, wasan matasan garin a fili yake: dara a gindin bishiya, ludo da karta a bakin shago. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, amma sai da ƙananan wayoyin Nokia masu hawa intanet suka yi araha sannan wasa ya koma cikin aljihu.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne 2go, manhajar da Alan Wolff da Ashley Peter suka ƙirƙira a Afirka ta Kudu a 2007. Ba ta cin data sosai, kuma ko wayar da ta sha jiki tana ɗaukarta. Zuwa 2012 ta mamaye Najeriya. A unguwannin Lafiya irin su Bukan Sidi da Tudun Amba, har ɗakunan kwanan ɗaliban kwalejin aikin gona, sai dare ya raba ana ta danne-danne. Ba wasan hotuna ba ne, rubutu ne zalla. A shiga ɗakin hira, wani ya jefo kacici-kacici, wani ya kawo rabin karin magana a ƙarasa, a yi gasar wanda zai riga amsawa. Wanda yatsunsa suka haddace maɓallan waya, yana rubutu ba ya ko dubawa, shi ne gwani.

Sai kuma tauraro. Kowa yana da tauraro, wato matsayi da ke hawa gwargwadon daɗewarsa a kan manhajar, daga Novice har Master. Mutum zai bar wayarsa a kunne har asuba don tauraronsa ya ƙaru. Wanda bai yi zamanin ba zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma a ɗakin hira tauraron nan rawani ne: idan mai shi ya yi magana ana saurarawa, baƙo kuwa sai ya yi ladabi.

Da wayoyin Android suka yawaita, jama'a suka kwashe zuwa WhatsApp da Facebook, ɗakunan suka zama kufai. Yanzu ƙannen waɗancan gwanaye suna wasan gano maci amana a Telegram, inda na'ura ke raba wa kowa matsayinsa a ɓoye, sai an haddace wasu umarni kafin a shiga. An sha gayyatar yayyen. Su leƙa sau ɗaya, su ce ba armashi, su fita.

Ana yi musu gorin cewa sabo turken wawa. Ni ban yarda ba. Mutanen da suka koyi rubutu da maɓalli tara ba ƙa'idar wasa ce za ta gagare su ba. Abin da suka tara a can ne ba ya ɗaukuwa: suna, matsayi, da abokan da suka san barkwancinsu. A sabon wuri babu wanda ya san ka taɓa zama Master. Yaron da ka goya shi zai ce, “Yaya, ba haka ake yi ba.” Ga shi kuma lokaci ya ƙwace. Wanda a da yake kwana a kan waya, yau da asuba yake sammakon kasuwa ko ofis, kuɗin makarantar yara na jiransa.

Ba a Lafiya aka fara ganin haka ba. A 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta wasan MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ɗora a kai: duniya ce ta rubutu zalla da mutane da yawa ke shiga lokaci guda. Bayan shekaru Bartle ya lura cewa ɗan wasa yana auna kowace sabuwar duniya da wadda ya fara sabawa da ita, duk abin da ya saɓa mata sai ya ɗauke shi aibi.

Na ga gaskiyar hakan a wani zauren WhatsApp na tsofaffin abokan 2go. Sun ƙi kowane sabon wasa, amma duk daren Juma'a wani zai jefo rabin karin magana, kuma har yau da sunayensu na wancan zamani suke kiran juna.