Dajin da Ya Haifi Tuffar Duniya

Asalin tuffar da ake ci a duniya yana komawa ga tsaunukan Tian Shan, a yankin iyakar Kazakistan da Sin. A can ne wata bishiyar daji mai suna Malus sieversii take tsiro da kanta. Sunan birnin Almaty ma daga kalmar "alma" ya samo tushe, wato tuffa a harshen Kazak.

Fatake da dawakansu a Hanyar Siliki su ne suka kai irinta yamma, inda ta gauraya da tuffar dajin Turai mai tsami. Sai dai tuffa tana da wata ɗabi'a: furenta yana buƙatar ƙudan zuma su kawo masa garin furen wata bishiyar dabam. Saboda haka, ƙwallon tuffa mai zaƙi kan iya fitar da bishiya mai 'ya'ya masu bauri. Maganin da mutanen da suka samo shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a yanko reshen bishiyar da ake so, a ɗaura shi a kan kututturen wata. Rumawa sun ƙware a wannan sana'a, kuma da ita ake riƙe kowane iri har yau. Duk tuffar Granny Smith, alal misali, daga bishiya guda ta fito, wadda ta tsiro a Ostareliya a 1868.

A 1929, masanin tsirrai ɗan Rasha, Nikolai Vavilov, ya ziyarci dazuzzukan da ke kewaye da Almaty, ya yanke hukuncin cewa nan ne mahaifar tuffa. Gwamnatin Stalin ta kama shi a 1940, ya rasu a kurkukun Saratov a 1943. Binciken ƙwayoyin halittar tuffa na 2010 ya gaskata shi.

Aure yana da tsadarsa. Gonakin duniya sun dogara ga 'yan iri kaɗan masu kama da juna, don haka cuta ɗaya tana iya yi musu ɓarna gaba ɗaya. Dajin Kazakistan kuwa, inda kowace bishiya take da nata gadon, shi ne rumbun da masana suke neman juriyar cuta da fari a cikinsa. Noma da faɗaɗar birane sun riga sun cinye babban ɓangarensa, kuma abin da ya salwanta a wannan daji, babu gonar da za ta iya mayar da shi.