Jidda: Abin da Matafiya Suka Bari a Ƙofar Makka

Bahaushe ya san Jidda, amma sanin mai wucewa. Alhaji yakan sauka a filin jirgi, ƙarƙashin rumfunan nan masu kama da tantuna da aka buɗe a 1981, da harami a jikinsa, hankalinsa duk yana Makka. In ya dawo kuma, lissafin kilo da tsaraba ya ɗauke masa hankali. Kaɗan ne ke tsayawa su dubi garin. To, tun da Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a watan Satumba na 2019, hukumomin ƙasar suna so a riƙa zuwa Jidda don ita kanta. Ya kamata ke nan a dubi abin da ake nuna wa baƙo, da wanda ba a nuna masa.

Wucewar mutane ita ta gina Jidda tun asali. A shekara ta 26 bayan Hijira, wato 647, Halifa Usmanu ɗan Affan ya mayar da ita tashar jiragen ruwa ta Makka a madadin Shu'aiba. Garin ba shi da kogi, ba shi da ƙasar noma. Ruwan sha ma wahalarsa ake, har sai da aka kafa injin tace ruwan teku a farkon ƙarni na 20, wanda mutanen garin suka riƙa kira kindasa. Abin da Jidda take da shi shi ne matsayi: duk mai nufin Ɗakin Allah ta teku, nan zai sa ƙafa. Don tsare wannan matsayi ne Husaini al-Kurdi, kwamandan sarkin Masar Ƙansuh al-Guri, ya kewaye ta da ganuwa a farkon ƙarni na 16, kuma ganuwar ta yi rana a 1517 da jiragen Fotugal suka zo suka koma ba su ci garin ba. An rushe ta a 1947 da gari ya fara bunƙasa. Cikinta shi ne tsohon garin da ake kira Balad, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Gidajen Balad su ne babban abin kallo, kuma sai an matsa kusa ake gane su. Da dutsen murjani aka gina su, wanda ake sarowa daga bakin teku. Dutse ne mara nauyi, mai ƙananan ramuka kamar soso. In farar ƙasar da aka shafe shi da ita ta ɓare, za ka ga ɓawon ƙananan halittun ruwa maƙale a jikin bango. Tun da dutsen ba shi da ƙarfin ɗaukar bene huɗu ko biyar shi kaɗai, magina kan gitta itace bayan 'yan layuka don ya raba nauyi. Wanda ya ga yadda maginin Kano ko Zariya ke aiki da azara ba zai yi baƙunta da wannan dabara ba. Sai rawashin, tagogin katako masu turowa waje, an sassaƙa su raga-raga, wasu kore, wasu shuɗi, wasu an bar su da launin itacen. Ado ne, amma aiki ya kawo su. Suna jawo iskar teku, suna tare rana, matan gida suna ganin titi daga ciki ba a ganinsu, a jikinsu ake ajiye tulu ruwa ya yi sanyi. Katakon kuwa daga Indiya da Jawa jiragen ruwa suka kawo shi. Yawancin manyan gidajen an gina su ne bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, lokacin da jiragen tururi suka ninka yawan alhazai da haja. Bango guda ke nan ya haɗa dutsen Bahar Maliya, itacen Asiya da kuɗin aikin hajji.

Mafi shahara a cikinsu shi ne gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da Jidda ta miƙa wuya a ƙarshen 1925. Matakalarsa mai faɗi ce, ba ta miƙe tsaye sosai ba, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya. A ƙofar gidan akwai bishiyar darbejiya, irin wadda ke kowane lungu a garuruwanmu, amma a tsohuwar Jidda bishiya ta yi ƙarancin da har da ita ake kwatancen gidan. Daga nan mutum zai bi kasuwar Alawi, cikin ƙamshin turaren wuta da kayan yaji, ya ɓulla Ƙofar Makka, inda ayarin raƙuma ke tashi a da. A unguwar Mazlum akwai masallacin Shafi'i da tsohuwar hasumiyarsa. Sunayen unguwannin ma shaida ne: Sham, Yaman, Bahar, kowace na fuskantar inda mutane ke ɓullowa. Bayan la'asar ya fi dacewa a shiga, don da rana zafi da gumi kan kori kowa. Da azumi kuwa sai bayan tarawihi gari ke cika, masu abinci da abin sha irin su balila da sobiya na ta kiran ciniki.

Sabuwar Jidda tana bakin teku: doguwar hanyar shan iska ta Kornish, maɓulɓular Sarki Fahad da aka buɗe a 1985, masallacin Rahma da ke tsaye kan ginshiƙai cikin ruwa, da filin tseren motoci na Formula 1 tun 2021. Suna da daɗin kallo da yamma, sai dai irinsu akwai a wasu biranen Larabawa masu arzikin mai.

Gyaran Balad abu ne da ya zama dole. Da arzikin mai ya zo, masu gidajen suka ƙaura arewacin gari, suka bar su hannun 'yan haya talakawa. Gishiri da danshi suka ci bango, gobara ta ci katako, wasu suka zube. A 2019 gwamnati ta ware riyal miliyan 50 don ceto gine-gine 56 da ke gab da faɗuwa, yanzu wasu sun zama otal, gidan shayi ko wurin baje zane-zane. Wannan aiki ya cancanci yabo. Amma a ganina tarihin da yake adanawa rabi ne, domin galibi gidajen attajirai da wakilan jiragen ruwa ne aka yi da dutse. Talakan alhaji bai taɓa mallakar rawashin ba.

Nan ne labarin ya shafe mu. Kakanninmu sun riƙa tasowa a ƙasa ta Borno, Wadai da Darfur, suna tafe suna ƙwadago, wani sai ya shekara biyar ko goma kafin ya kai Sawakin, ya hau kwalekwale ya tsallaka. Da yawa guzuri ya ƙare musu a Jidda. Suka kafa bukkoki a wajen ganuwa, suka zama 'yan dako da 'yan ga-ruwa, aka riƙa kiransu Takari. Wasu daga cikin jikokinsu 'yan ƙasa ne a yau. Mai kallon ƙwallo ya san Usama Hausawi, wanda ya jagoranci 'yan wasan Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Unguwannin da irin waɗannan bukkoki suka rikiɗe suka zama, da ma wasu na baƙi daga Yaman da gabashin Afirka, irin su Sabil, Karantina da Gulail, suna cikin sama da sittin da aka shiga rushewa daga ƙarshen 2021. Hukuma ta ce an yi su ba bisa tsari ba, sun zama maɓoyar miyagu, kuma ba za a ce babu gaskiya ko kaɗan a zancen ba. Amma dubban ɗaruruwan mutane ne suka tashi, diyya kuma 'yan ƙasa aka yi wa tanadinta, alhali cikin baƙin akwai waɗanda nan aka yanke musu cibiya. A shekarun da ake shafa wa rawashin sabon fenti ne katafila ke aiki 'yan kilomitoci kaɗan daga wurin.

Abin da ya rage na waɗannan mutane yana cikin sunaye da abinci. Mutanen Hijaz suna da wani nama da suke kira sire: a yanka shi falle-falle, a barbaɗe shi da garin gyaɗa da yaji, a soke a tsinke, a kafa gefen garwashi, a ci da ɗanyar albasa. Balaraben Jidda na lissafa shi cikin abincin garinsu. Bahaushe na jin ƙamshin zai san tsire ne.