Gratien Gélinas, ɗan wasan da ya hau dandali da bakin unguwarsu

Idan aka ambaci Kanada a nan wurinmu, abin da ke faɗo ma mutum a rai shi ne sanyi, ko neman gurbin karatu, ko masu ayyukan taimako da ke zuwa da manyan motoci. Kaɗan ne cikinmu suka san tarihin mutanen jihar Kebek, waɗanda Faransanci ne harshen da suka sha a nono, amma suka daɗe suna jin kunyar yadda suke furta shi. Ina so in kawo tarihin mutum guda daga cikinsu, Gratien Gélinas (ana faɗin sunan kamar Girasiyen Jelina), ɗan wasan rediyo da dandali da sinima da telebijin. Dalilina shi ne, tambayar da ya kwashe rayuwarsa yana amsawa ita ce wadda mu ma muke ta gardama a kanta duk lokacin da muka zauna rubuta teyatur: da wane baki za a yi wasan, kuma don wa?

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane shi. Faransawa ne suka kafa birnin Kebek a 1608. A 1759 sojojin Ingila suka ci birnin da yaƙi, a 1763 kuma Faransa ta sa hannu ta sallama ƙasar baki ɗaya. Manoma da talakawa masu Faransanci suka tsinci kansu ƙarƙashin sarautar Ingila. A 1839 wani babban wakilin Ingila, Lord Durham, ya rubuta rahoto inda ya kwatanta su da mutanen da ba su da tarihi ba su da adabi, ya ba da shawara a narkar da su cikin masu Ingilishi. Ba su narke ba, amma maganar ta bar tabo. Har farkon ƙarni na 20, a birnin Monreyal bankuna da manyan masana'antu galibi suna hannun masu Ingilishi, makarantu da asibitoci kuma suna hannun cocin Katolika. Idan ma'aikaci ya je gidan wasa, ko dai ya kalli fim ɗin Amurka, ko ya kalli wasan da aka rubuta a Paris, ƴan wasa na ta lanƙwasa harshe don su yi kama da mutanen Paris. Kun ga ke nan raini biyu ne a kansa: a wurin aiki harshensa ba ya da daraja, a wurin wasa kuma lafazinsa ne ba ya da daraja.

Cikin wannan hali aka haifi Gélinas, ran 8 ga Disamba 1909, a ƙaramin garin Saint-Tite. Ya tashi a Monreyal, ya yi karatu a Collège de Montréal. Karayar tattalin arziki ta 1929 ta same shi yana saurayi, dole ya nemi abin yi. Ya samu aikin lissafin kuɗi a wani kamfanin inshora mai suna La Sauvegarde, da rana yana biro, da dare yana wasan sha'awa tare da abokai. Ƙofar da ta buɗe mashi ita ce rediyo. Tashar CKAC, wadda jaridar La Presse ta kafa a 1922, tana watsa wasannin kwaikwayo kashi-kashi, kuma ya samu shiga cikin na Robert Choquette mai suna Le Curé de village, labarin limamin cocin wani ƙauye da mutanensa.

A 1937 ya ƙirƙiro yaron da ya sa sunansa ya cika gari: Fridolin. An fara jin muryarsa a CKAC cikin shirin Le Carrousel de la gaieté. Fridolin ɗan talakawa ne na lungunan Monreyal, ba ya da ko sisi, amma bakinsa ba ya mutuwa. Da ya hau dandali a 1938, a gidan wasa na Monument-National, sai jama'a suka ga siffarsa: gajeren wando mai igiya a kafaɗa, hula a karkace, rigar ƙungiyar hokin kan ƙanƙara ta Canadiens, da danƙon harbin tsuntsaye a hannu. Kalmar da ya fi yawan ja idan abu ya dame shi ita ce kalmar Faransanci mai nufin wahala. Daga 1938 zuwa 1946, kowace shekara Gélinas na shirya babban wasa mai suna Fridolinons, inda ake haɗa gajerun wasanni da waƙa da raye-raye, a bi abubuwan da suka faru cikin shekarar ɗaya bayan ɗaya, a yi masu ba'a: zaɓe, ƴan siyasa, tsadar rayuwa, aure, yaƙi.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne dabarar zaɓen yaro. Lokacin Maurice Duplessis ne, wanda ya riƙe gwamnatin Kebek daga 1936 zuwa 1939, ya sake dawowa daga 1944 har mutuwarsa a 1959, mutum ne da ba ya son a taɓa shi, kuma shi da manyan coci bakinsu ɗaya. Babban mutum ya tsaya ya soki irin wannan mulki, ya san abin da zai biyo baya. Amma yaro mai danƙo, wa zai kai shi ƙara? Mu ma mun san wannan a gida: abin da dattijo ba ya iya faɗa gaban sarki, wawan sarki ko ɗan kama na faɗinsa a yi dariya a wuce, saƙo kuwa ya riga ya isa. Ƙari a kan haka, Fridolin na magana ne yadda ake yi a bakin titi da cikin madafa. Mutanen da suka biya kuɗin shiga suka ji muryar maƙwabcinsu bisa dandalin da a da sai baƙi ke hawa.

Yaƙin duniya na biyu ya canza launin dariyar. A watan Afrilu 1942 gwamnatin Kanada ta tambayi jama'a ko sun yarda a ɗauki soja dole a tura su ƙetare. Sauran jihohi suka ce i da babban rinjaye, Kebek kuwa fiye da kashi 70 cikin 100 suka ce a'a. Wanda kakansa ya ba shi labarin yadda aka kwashi samari daga ƙauyukanmu zuwa yaƙin Nasara ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan ƙin. Cikin wasannin 1945 da 1946 Gélinas ya saka gajerun wasanni biyu, ɗaya kan tafiyar sojan dole, ɗaya kan dawowarsa. Daga nan ne ya gane cewa akwai labarin da ba'a kaɗai ba ta iya ɗauka.

Ran 22 ga Mayu 1948 aka fara nuna Tit-Coq, wato Ɗan Zakara, kuma shi da kansa ya fito a matsayin jarumin. Tit-Coq soja ne mai saurin fushi, an haife shi ba ta hanyar aure ba, ya girma a gidan marayu, bai san uwa ba bai san uba ba. Wani abokinsa soja ya kai shi gidansu bikin Kirsimeti, a can ya ga abin da bai taɓa samu ba, wato dangi, ya kuma kamu da son ƙanwar abokin, Marie-Ange. Ta yi mashi alkawarin jira, aka tura shi Turai. Yaƙi ya ja, iyaye da dangi suka matsa mata har ta auri wani. Da ya dawo, ya nemi su gudu tare, ita ma zuciyarta na wurinsa. Sai limamin sojoji ya tuna mashi abu guda: babu saki. A Kebek ta wancan zamani coci ba ta yarda da saki ba, kuma kafin dokar 1968 sai majalisar tarayya ta yi doka ta musamman kafin a raba aure. Duk ɗan da za su haifa, sunan da aka kira Tit-Coq da shi tun yana yaro shi za a kira shi. Ya juya ya tafi shi kaɗai.

Wasan ya yi ta cika gida wata da watanni a Monreyal, abin da wasan ɗan ƙasa bai saba samu ba. Aka juya shi zuwa Ingilishi, Gélinas ya yi shi a Toronto da Chicago, aka karɓe shi. A watan Fabrairu 1951 ya kai shi Broadway a New York, can kuwa sau 3 kawai aka nuna shi aka rufe. Ya dawo gida da asara. Bayan shekara biyu, a 1953, ya maida labarin fim tare da René Delacroix, Monique Miller ta fito a Marie-Ange, fim ɗin kuma ya ci kyautar fim ɗin shekara ta Kanada. A ganina faɗuwar New York ta nuna inda ƙarfinsa yake. Zafin Tit-Coq na mutanen da suka san nauyin kalmar shege a cikin unguwar Katolika ne, kuma su ɗin ne suka yi ta dawowa kallo.

Telebijin ta iso Monreyal a Satumba 1952, Gélinas bai tsaya kallo ba. A 1954 ya rubuta jerin wasa mai suna Les Quat' fers en l'air ma Radio-Canada, ya fito a ciki a matsayin wanzamin unguwa. A 1956 ya je bikin wasannin Stratford a jihar Ontario ya yi wasannin Shakespeare da Ingilishi, har ya fito a sarkin Faransa cikin Henry V. Wato mutumin ya iya harshen manya sarai, zaɓa ya yi ya tsaya ga na talakawa.

Aikinsa da ba a cika ambata ba, ni kuwa nake ganin ya kai sauran nauyi, shi ne gini. A 1957 ya kafa Comédie-Canadienne, gidan wasa a tsakiyar Monreyal, da niyyar marubutan ƙasar su samu inda za a nuna aikinsu. Ya riƙe shi har 1972, lokacin da ginin ya koma hannun Théâtre du Nouveau Monde. A can ya nuna Bousille et les justes a 1959, labarin wasu dangi masu nuna tsoron Allah a baki, waɗanda suka tilasta ma wani ɗan uwansu mai sauƙin kai ya yi rantsuwar ƙarya a kotu don a wanke ɗansu daga kisan kai. Bousille ya yi rantsuwar, ya kasa ɗaukar nauyinta, ya rataye kansa. A nan babu sauran danƙon Fridolin, sara ne kai tsaye ga munafuncin masu addinin ganin ido. A 1966 ya kawo Hier, les enfants dansaient, inda uba ɗan siyasa mai son Kanada ta zauna ɗaya ya gano ɗansa na cikin masu dasa bam don ɓallewar Kebek. Daga 1969 zuwa 1978 kuma ya shugabanci hukumar gwamnatin tarayya mai ba da kuɗin shirya fim, wadda yau ake kira Téléfilm Canada.

Kada in gyara shi fiye da yadda yake. Samarin shekarun 1960 da yawa sun ɗauke shi tsohon yayi. Tit-Coq ya ƙare ne da sunkuyar da kai ga dokar coci, kuma bakin talakan da Gélinas ya ɗora bisa dandali an ɗan wanke shi, an rage mashi ƙaiƙayi. Sai a 1968 Michel Tremblay ya zo da Les Belles-sœurs, mata goma sha biyar cikin madafa suna magana da joual, Faransancin ma'aikatan Monreyal tsagwaronsa, har wasu suka ce an zubar da mutuncin harshe. Amma masu kallon da suka cika gidan don jin waɗannan mata, wa ya fara koya masu cewa muryarsu ta isa a biya kuɗi a saurara? Shekara talatin kafin nan Fridolin ya share hanyar.

Bai bar wasa ba har tsufa. Ya fito a fim ɗin Agnes of God na Norman Jewison a 1985, tare da Jane Fonda. A 1986, yana da shekara 76, ya rubuta La Passion de Narcisse Mondoux, labarin soyayyar tsofaffi biyu, suka yi ta yawon nuna shi shi da matarsa Huguette Oligny. Ya rasu ran 16 ga Maris 1999, yana da shekara 89.

Tsakaninmu da mutanen Kebek akwai igiya ta gaske. A Yamai ne, ran 20 ga Maris 1970, zamanin Diori Hamani, aka kafa hukumar ACCT wadda ta zama tushen Francophonie, kuma sakatarenta na farko, Jean-Marc Léger, ɗan jarida ne daga Monreyal. Sai dai mu lura da bambanci. Su Faransanci ne harshen gidansu da ake dannewa. Mu kuwa Faransanci harshen lakwal ne da biro, na gida su ne Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauransu. Don haka idan za mu ɗauki darasi daga Gélinas, wurin da Fridolin ya tsaya a can shi ne wurin da irin su Yazi Dogo suka tsaya a nan, lokacin da teyatur da Hausa ya sa mutane ke taruwa gaban telebijin guda a unguwa.

Abu biyu nake so mu riƙe. Na farko, Gélinas ya kwashe shekara tara yana sauraren mutanensa yana sa su dariya kafin ya rubuta wasan da ya sa su kuka, kuma kunnen da ya samu a waɗannan shekaru shi ya riƙe Tit-Coq. Mu da muke gaggawar rubuta babban wasa tun a shekarar farko, mu fara zama a tasha da kasuwa da bakin famfo mu ji yadda ake magana. Na biyu, da ya samu suna da kuɗi, gidan wasa ya buɗe don wasu su shigo. Wannan ɗan littafi da muke haɗa kuɗin fotokopinsa ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da Comédie-Canadienne, amma aikinsu iri ɗaya ne, kuma a fitowa ta gaba ina fatan a samu gajeren wasa ko guda ɗaya da aka rubuta da bakin Maraɗi ko na Damagaram ko na Tawa, yadda ake faɗinsa.