Tsohuwar Libarba: Me Ke Ba Ta Daraja?

A wannan fitowa ina so in ɗan taɓo tarihin libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa tana kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya. A Amurka akwai masu tara tsofaffinta, suna zuba maƙudan kuɗi a kai, kuma ina ganin akwai darasi gare mu cikin yadda suke kimanta ta.

Wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ne ya yi rajistar irin tasa a 1836, ya buɗe masana'anta a garin Paterson. Ciniki bai kankama ba, kamfanin ya durƙushe a 1842. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko a 1846, sai wani kyaftin, Samuel Walker, ya neme shi suka tsara wata babba mai harsashi 6, nauyinta wajen kilo 2. A 1847 aka ƙera 1,100 kacal, 1,000 na soja, 100 na sayarwa ga jama'a. Shi Walker a shekarar aka kashe shi a fagen fama. Gangar wasu daga cikinsu ta riƙa fashewa in an ɗura albarushi, wasu suka salwanta a yaƙi, don haka waɗanda suka rage ba su da yawa. A 2018 an yi gwanjon guda, wadda wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan ƙasar Denmak ya saya tana sabuwa, tana cikin akwatinta na asali. Dala miliyan 1.84 aka biya.

To, mai karatu zai ce ai ƙarancin ne ya jawo tsadar. Haka ne, amma mu dubi wata. Ƙirar da kamfanin Colt ya fitar a 1873 an yi fiye da 350,000 kafin yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin. Duk da wannan yawa, a 2021 an sayar da guda a kan fiye da dala miliyan 6. Dalili kuwa, da ita ce ɗan doka Pat Garrett ya harbe ɗan ta'addan nan Billy the Kid a 1881, kuma akwai takardun da ke nuna hannun da ta bi tun daga lokacin. Ƙarfenta bai fi na 'yan uwanta ba. Shaidar ce ta ɗaga ta.

Shi ya sa mai kimantawa ba ya ruɗuwa da ƙyalli, ya san kyan ɗan maciji. Da farko yakan duba lambobin da aka buga a sassanta, ya ga ko sun zo ɗaya, domin in sun saɓa, an yi mata dashe ke nan. Sannan ya dubi fatar ƙarfen da ƙotar, ya ga nawa ne ya rage na asali. Daga nan sai takardu. Kamfanin Colt na ajiye da tsofaffin littattafansa, kuma yakan ba da wasiƙa mai nuna ranar da aka fitar da bindiga da wanda aka aika wa. Wanda ya goge tsohuwar libarba ya sake mata launi don ta yi kyau, ya karya farashinta da hannunsa. Garin neman gira ya rasa ido.

Mu ma wannan makami ya ratsa tarihinmu. Tun 1887 sojan Ingila ya ɗauki libarba ƙirar Webley, ita ce kuma ta hafsoshinsu a zamanin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Sai dai kada wani ya ce zai fara tarawa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattu, riƙe ta ba izini babban laifi ne. Wurin irinta gidan tarihi, kamar Gidan Makama na Kano.

Abin da ya dame ni shi ne namu kayan gadon. Gidaje da yawa akwai takobi, ko sulke, ko sirdi, ko littafin rubutun hannu, amma labarinsu yana bakin tsoho ɗaya. Ranar da ya faɗi, takobin da ya je Burmi ya zama ƙarfen da za a auna a kilo. Shawarata, kowannenmu in ya je gida hutu, ya zauna da dattijon gidansu, ya rubuta wanda ya ƙera abin, da wanda ya riƙe shi, da inda ya je, ya sa kwanan wata da sunayen shaidu, ya ajiye takardar tare da kayan. Kada a goge, kada a kai wa maƙeri gyara. Malamanmu na tarihi sun koya mana tambayar hujja, to ga inda za mu yi aiki da karatun.