Justino: Fim ɗin Sifaniya game da tsohon da aka yi watsi da shi

A shekarar 1994 aka fitar da wani fim a ƙasar Sifaniya mai suna "Justino, un asesino de la tercera edad", wato Justino, makashi mai yawan shekaru. An shirya shi ne da kuɗi ƙalilan, kuma babu launi a cikinsa sai baƙi da fari. Duk da haka ya samu manyan lambobin yabo na ƙasar, ya kuma shiga sahun finafinan da wani rukuni na masu kallo ke riƙe da su ƙam, suna komawa gare su shekara da shekaru.

Fim ɗin ya haɗa wasa da bijimi, da ban tsoro, da barkwanci mai ɗaci. Amma jigonsa shi ne halin da mutum ke shiga idan al'umma ta yanke hukuncin cewa amfaninsa ya ƙare.

Sana'ar Justino

Wasa da bijimi na Sifaniya ya sha bamban da hawan ƙaho na mahautan ƙasar Hausa, domin a can ana kammala wasan ne da kashe dabbar a gaban 'yan kallo. Bisa al'ada akan fito da bijimai 6 a yammaci guda, inda gwanaye 3 ke karawa da bibbiyu. Gwanin, wanda ake kira matador, yana da tawagar mataimaka. Wasu na kan dawaki riƙe da masu, wasu kuma a ƙasa suke kafa wa bijimin tsinkuna masu ado a doro.

Bayan matador ya soka takobi, bijimin ya faɗi, sai wani mutum ya matso da gajeriyar wuƙa ya caka masa a ƙeya domin ya ƙarasa shi nan take. Wannan shi ake kira puntillero. Tafi da kirari duk na matador ne, shi kuwa ba a tunawa da shi sai ranar da hannunsa ya kuskure. Wannan ita ce sana'ar da Justino ya ƙare rayuwarsa a kanta.

Labarin fim ɗin

Labarin ya fara ne a lokacin da aka tilasta wa Justino yin ritaya. Ya koma zaman gida tare da ɗansa da matar ɗan, inda ya tarar cewa ya zama kaya mai nauyi a gare su. Abokinsa Sansoni, wanda ke sana'ar bayar da matasan zama ga 'yan kallo a filin wasan, shi kaɗai ya rage masa. Burin su biyun shi ne su tare a Benidorm, garin bakin teku da ya yi suna wajen karɓar 'yan fansho.

Daga nan Justino ya juya ƙwarewarsa kan mutane, kuma da na cikin gida ya fara. Yana kisan ne kamar yadda ya saba aiki, cikin natsuwa da sauri, ba tare da wata hayaniya ba. Abin dariyar, wanda kuma shi ne abin takaicin, shi ne babu wanda ya zarge shi. Ko da ya buɗe baki ya faɗi abin da ya aikata, sai a ɗauka ruɗin tsufa ne. Rainin da ya tunzura shi, shi ne kuma ya zame masa garkuwa.

Shi kansa sunan fim ɗin akwai zambo a ciki. Kalmomin "tercera edad", wato zango na uku na rayuwa, lafazi ne na ladabi da hukumomi ke amfani da shi a maimakon tsufa. Fim ɗin ya ɗora wannan lafazi mai taushi kusa da kalmar makashi, domin nuna tazarar da ke tsakanin daɗin baki da ainihin yadda ake riƙon tsofaffi.

Waɗanda suka shirya shi

Santiago Aguilar da Luis Guridi ne suka rubuta labarin suka kuma ba da umarni, a ƙarƙashin sunan haɗin gwiwa na La Cuadrilla, wanda shi ne sunan da ake kiran tawagar mataimakan matador. Saturnino García, wanda aka haifa a 1935, shi ya fito a matsayin Justino, yayin da Carlos Lucas ya fito a matsayin Sansoni.

A bikin finafinan ban tsoro na garin Sitges a 1994, fim ɗin ya zo na ɗaya, García kuma ya samu kyautar gwarzon ɗan wasa. A 1995 aka ba shi lambobin Goya guda 2, waɗanda su ne mafi daraja a harkar fim a Sifaniya: ta sabon mai ba da umarni da ta sabon ɗan wasa. Ke nan García ya karɓi kyautar sabon shiga yana dab da cika shekaru 60, bayan ya daɗe yana fitowa a ƙananan matsayi.

Aguilar da Guridi sun biyo bayansa da "Matías, juez de línea" a 1996 da "Atilano, presidente" a 1998, waɗanda suka cika jerin finafinai uku masu leƙen Sifaniya ta ƙofar baya.

Tushen barkwancinsa

Irin wannan dariya mai ɗaci tana da tarihi a ƙasar. A fim ɗin "El cochecito" na Marco Ferreri na 1960, wani dattijo ya juya wa iyalinsa baya saboda sun hana shi keken guragu mai inji da zai bi abokansa da shi. A "El verdugo" na Luis García Berlanga na 1963 kuma, tsohon hauni ne mai shirin ritaya ke tura surukinsa ya gaje shi. Justino ya bi wannan sawu ne, inda kisa ya zama sana'a kamar kowace, tsufa kuma ya zama laifin da ba a yafewa.

Shi ma wasan bijimin ya fuskanci ƙalubale bayan fitowar fim ɗin. Majalisar yankin Kataloniya, inda garin Sitges yake, ta haramta shi a 2010. A 2013 majalisar dokokin ƙasa ta ayyana shi a matsayin gadon al'adu, sannan kotun tsarin mulki ta soke haramcin na Kataloniya a 2016. Sai dai fim ɗin bai tsaya kan wannan taƙaddama ba. Tambayar da ya bar wa mai kallo ita ce makomar ma'aikacin da aka ci moriyarsa, aka kuma daina ganinsa tun yana raye.