Jesper Damgaard, mai tsaron bayan da ya kai Danemak sahun manyan ƙasashen wasan hoki

Jesper Damgaard tsohon ɗan wasan hoki na ƙanƙara ne, ɗan ƙasar Danemak. An haife shi ranar 6 ga watan Mayu 1975 a garin Holstebro, a yammacin ƙasar. Mai tsaron baya ne, ya daɗe yana riƙe da muƙamin kaftin na ƴan wasan ƙasarsa, kuma ya buga musu wasa 256. Lokacin da ya aje wasa babu wani ɗan Danemak da ya kai wannan adadi.

Wasan da matsayinsa a fili

Ana buga wannan wasa ne a kan filin ƙanƙara, ƴan wasa na sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa da suke sulɓi da su. Kowane ɓangare na da mutum shida a fili: mai tsaron raga ɗaya, ƴan baya biyu, ƴan gaba uku. Maimakon ƙwallo, wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri ake korawa da sanda mai lanƙwasa a baki. Wasan kashi uku ne, kowane kashi minti 20.

Aikin ɗan baya shi ne ya tare maharan abokan hamayya, ya ƙwace faifan, ya miƙa shi gaba. Sau da yawa da jikinsa yake tare faifan da aka bugo da ƙarfi, kuma dokar wasan maza ta yarda a bangaje mai riƙe da faifan har ya bugu da katangar fili. Shi ya sa rauni, musamman buguwar kai, ya zama ruwan dare ga masu wannan matsayi.

Ƙungiyoyin da ya yi wa wasa

Damgaard ya taso ne a ƙungiyar garin Herning, maƙwabcin Holstebro. Herning ba babban birni ba ne, amma daga nan ne fitattun ƴan wasa irin su Frans Nielsen, Peter Regin da mai tsaron raga Frederik Andersen suka fito. Da yake gasar cikin gida ta Danemak ba ta kai ta maƙwabta ƙarfi da kuɗi ba, sai ya nemi sa'arsa a waje. Ya yi wasa a Jamus, ya kuma yi shekaru a ƙungiyar Malmö Redhawks ta ƙasar Suwed, wadda a cikinta ya kammala wasansa. A gida ya buga wa Rødovre Mighty Bulls, a gefen babban birnin Kopenhag.

Tare da ƴan wasan ƙasa

A nan ne ya fi yin suna, domin sau 17 ya halarci gasar cin kofin duniya. Lokacin da ya fara, Danemak tana cikin ƙananan rukunoni. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne kashin da Kanada ta ba ta, 47 da 0, a birnin Stockholm a 1949. Tun daga wannan shekara ba ta sake shiga rukunin farko ba sai da zamanin su Damgaard ya zo.

A 2002 suka ci gasar rukuni na biyu suka haura. A 2003, a ƙasar Finlan, suka doke Amurka 5 da 2, suka kuma yi kunnen doki 2 da 2 da Kanada, wadda ita ce ta ɗauki kofin a shekarar. Hawa rukunin farko ya fi zama cikinsa sauƙi, don ƙasashe da dama kan hau su sauko bayan shekara ɗaya. Danemak ba ta sake saukowa ba. A 2010, a Jamus, ta doke Finlan 4 da 1 da Amurka 2 da 1, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe karon farko a tarihinta, kafin Suwed ta fitar da ita.

Aje wasa da karramawa

Damgaard ya aje wasa a 2011 saboda illar buguwar kai da ya samu a fili. Hukumar wasan hoki ta Danemak ta janye lamba 7 da yake sawa, wato babu ɗan wasan ƙasa da zai sake saka ta. A 2018, shekarar da Danemak ta karɓi baƙuncin gasar duniya a Kopenhag da Herning, hukumar wasan ta duniya IIHF ta ba shi lambar yabo ta Richard Torriani. Sunan wani tsohon ɗan wasan Suwis ne aka sa wa lambar, kuma ana ba da ita ne ga ƴan wasan da suka yi fice daga ƙasashen da ba su cikin manyan wannan wasa.

Abin da ya biyo baya

Damgaard bai taɓa buga gasar NHL ta Amurka da Kanada ba, inda manyan taurari da manyan albashi suke, bai kuma je wasannin Olamfik ba. Na bayansa ne suka samu wannan dama. Frans Nielsen ya shiga NHL a 2007 tare da New York Islanders, shi ne na farko da ya koyi wasan a Danemak ya kai can. Ƴan wasan ƙasar sun halarci Olamfik karon farko a birnin Beijin a 2022. A watan Mayun 2025 kuma, a Herning, garin da Damgaard ya koyi wasa, Danemak ta doke Kanada 2 da 1 ta kai zagayen kusa da ƙarshe, ta kammala gasar a matsayi na huɗu a duniya.