Faifan garmaho: daga Beethoven zuwa makaɗan fadar Zamfara

A shekara ta 2022 an sayar da fayafayan garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, yayin da aka sayar da fayafayan CD miliyan 33. Wannan ne karo na farko tun shekara ta 1987 da tsohon faifan ya sha gaban wanda aka ce ya zo ne domin ya maye gurbinsa.

A ƙasashen Turai da Amurka dawowar faifan ta farfaɗo da wata tsohuwar al'ada, wato abokai su taru a ɗaki, wani ya zaro faifan da ya fi ƙauna ya ɗora, a saurara, daga nan kuma gardama ta kaure kan wanda ya fi wani.

A ƙasar Hausa ma an san wannan gardama, musamman a Zamfara, wadda ta fitar da manyan makaɗan fada. Sai dai abin da faifan ya yi wa kiɗan Turawa daban ne da abin da ya yi wa kiɗan Hausa, kuma bambancin ya samo asali ne daga abu guda: yawan mintocin da fuskar faifai za ta iya ɗauka.

Asalin faifan

Thomas Edison ne ya ƙirƙiro na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maimaita ta, a shekara ta 1877, amma a jikin wani ɗan gwangwani take ɗaukar sautin. Shekaru goma bayan haka Emile Berliner, wani Bajamushe mazaunin Amurka, ya fito da garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Akwai siririn kwari da ya kanannaɗe fuskar faifan tun daga baki har zuwa kusa da cibiya. Idan faifan yana juyawa, allura tana bin wannan kwari tana karkarwa, karkarwar ce kuma ake ƙara wa ƙarfi ta zama sauti.

Da abin ya iso ƙasar Hausa ba a sha wahalar raɗa masa suna ba. Ya yi kama da faifan da mata ke saƙawa suna rufe ƙwarya, don haka aka kira shi faifai. Har yau sunan bai mutu ba, domin ana cewa faifan CD, ana kuma cewa faifan bidiyo ko da a cikin waya yake.

Fayafayan farko ana yin su ne da wani irin ƙaro da ake samu daga jikin wasu ƙwari a ƙasashe irin su Indiya. Suna da nauyi, suna fashewa kamar tangaran, suna zagaye 78 a minti guda, kuma fuska ɗaya ba ta wuce minti uku zuwa biyar. Garmahon kansa wani ake yi masa da hannu, ba ya bukatar lantarki, allurar ƙarfen kuma akai-akai ake sauya ta.

Minti uku da minti ashirin

Wannan ƙarancin lokaci ya fi takura wa kiɗan kilasik, wato daɗaɗɗen kiɗan Turai na su Bach da Mozart da Beethoven, inda kiɗa guda kan ɗauki rabin sa'a ko fiye.

Alal misali, a shekara ta 1913 babbar ƙungiyar makaɗa ta Berlin, ƙarƙashin jagorancin Arthur Nikisch, ta ɗauki simfoni na biyar na Beethoven. Sai da aka rarraba shi a kan fayafayai huɗu, wato fuska takwas. Mai sauraro sai ya riƙa tashi yana juya faifai a tsakiyar kiɗa. Irin waɗannan fayafayai a cikin wani kundi mai aljihuna ake sayar da su, mai kama da na ajiye hotuna, kuma daga nan ne kalmar albam ta shigo harkar waƙa.

Al'amura sun sauya a shekara ta 1948, lokacin da kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai zagaye 33 da sulusi a minti, wanda fuskarsa ɗaya ke ɗaukar fiye da minti ashirin. Faifan da ya buɗe jerin manyan fayafayan kamfanin kiɗan Mendelssohn ne, da Nathan Milstein a kan gogen Turawa. A shekara ta 1949 kamfanin RCA Victor ya mayar da martani da ƙaramin faifai mai zagaye 45, mai ɗaukar waƙa guda a kowace fuska.

Ƙaramin faifan shi ya yi renon kiɗan rok a shekarun 1950. Babban kuma shi ya ba mawaƙan rok damar daina tunanin waƙa ɗai-ɗai, su koma tsara faifai sukutum a matsayin aiki guda. Faifan Sgt. Pepper na ƙungiyar Beatles a 1967 da The Dark Side of the Moon na Pink Floyd a 1973 su ne misalan da aka fi ambata. Na biyun ya shafe makonni fiye da 700 a jerin fayafayan da aka fi saye a Amurka.

Gardamar masoya kilasik ta fi ta masoya rok zurfi ta wata fuska, domin su ba kan waƙa kawai suke jayayya ba, kan wanda ya kaɗa ta da lokacin da ya kaɗa ta suke yi. Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, ya ɗauki wani sanannen kiɗan Bach sau biyu, a 1955 da 1981. Na farkon bai kai minti arba'in ba, na biyun ya haura minti hamsin. Kiɗa ɗaya, mutum ɗaya, amma har gobe masoyansa a rabe suke gida biyu.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar masoya Shata ba zai yi mamakin wannan ba.

Legas da kamfanonin faifai

Tun a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a London cikin harsuna da dama, har da Hausa, domin sayarwa a ƙasashensu. Kantunan kamfanonin Turawa, irin su UAC, su ne suka riƙa shigo da garmaho da fayafayai, ciki har da masu tambarin nan na kare zaune gaban ƙahon garmaho.

Daga baya Decca da EMI da Philips suka kafa rassa a Legas, kuma shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya wadata, su ne ganiyar faifai a Najeriya. A 1973 Paul McCartney ya sauka Legas ya ɗauki mafi yawan faifansa Band on the Run a ɗakin ɗaukar sauti na EMI. A daidai wannan zamani matasan Najeriya ma suna nasu rok ɗin: akwai BLO, da Funkees, da Ofege, waɗanda ɗalibai ne a kwalejin St Gregory da ke Legas lokacin da suka fitar da faifansu na farko. A ɓangaren kilasik kuwa, tun kafin wannan lokaci Decca ta London ta fitar da African Suite na Fela Sowande.

Makaɗan Hausa ma sun shiga faifai. Alhaji Mamman Shata ya yi aiki da EMI, muryar Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ta fito a fayafayai, kuma mai bincike David Ames ya ɗauki kiɗe-kiɗen Hausa a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, aka fitar da su a jerin fayafayan hukumar UNESCO.

Abin da faifan bai kama ba a Zamfara

Layin dogo daga Zariya, wanda ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Ta wannan hanya gyaɗa da auduga suka riƙa fita, kayan kanti kuma suka riƙa shigowa. Garmaho kayan masu hali ne: sarakuna, da attajirai, da ma'aikata.

A wannan yanki ne kuma kiɗan fada ya fi bunƙasa. Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, mutumin Rawayya ne a ƙasar Bunguɗu. Ibrahim Narambaɗa na Tubali shi ne makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Sa'idu Faru ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo waƙoƙi tun yana Talatar Mafara, shekaru da yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardauna waƙa, kuma waƙarsa ta 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu tana cikin waɗanda aka fi sani a duk ƙasar Hausa. Akwai kuma Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta.

Waƙar fada ba a gina ta domin minti uku ba. Makaɗi yana da gindin waƙa da 'yan amshi ke komawa gare shi, sannan ya riƙa jero ɗiya gwargwadon yadda zama ya yi daɗi. Idan wani babban baƙo ya shigo, sai a sa shi a ciki. Idan ubangida ya yi kyautar doki ko riga, sai a ƙara ɗa. Idan an ga abokin hamayya, zambo ya samu. Waƙar da aka yi da Sallah ƙarama ba lalle ta zo daidai da wadda za a yi da babbar Sallah ba, kodayake gindinta ɗaya ne.

Saboda haka faifai, ko da babba ne, yanki guda na rana guda kawai yake kamawa. Bambancin shi ne, Bature ya rubuta kiɗan Beethoven a takarda tun kafin a ƙirƙiro garmaho, don haka ko duk fayafayan duniya sun farfashe kiɗan yana nan. Waƙar Narambaɗa kuwa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, abin da na'ura ta kama da abin da mutane suka haddace shi ne iyakar abin da ya rage.

Wannan ne ya sa a gaskiya bashin da masoya kiɗan fada ke ɗauke da shi ba na kamfanonin Legas ba ne, na gidajen rediyo ne. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, da gidan rediyon Rima na Sakkwato, sun ɗauki makaɗa a kan dogon zaren ɗaukar magana wanda ba ya katse waƙa da wuri. Ta rediyo ne manomin Bilbis, a ƙasar Tsafe, ya ji Ɗanƙwairo ba tare da ya mallaki garmaho ko ya je fada ba.

Sai kaset ya zo. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, amma sai a shekarun 1970 da 1980 ya game arewacin Najeriya. Rakoda tana aiki da batir, ana rataya ta a kafaɗa ko a ɗaure a keke, kaset guda yana cin sa'a ɗaya ko sa'a ɗaya da rabi, kuma kowa na iya kwafa wa abokinsa. Nan ne musayar waƙoƙi ta zama ta kowa da kowa. Nan ne kuma kamfanonin faifai suka durƙushe, saboda satar fasaha da taɓarɓarewar tattalin arziki. Turawan suka janye: reshen EMI ya koma Ivory Music, na Polygram ya koma Premier.

A majalisar dattawa a Gusau ko Tsafe, gardama kan waƙa takan kasance ne kan wane ɗauka ya fi cika, wanne ne aka yanke masa ɗiya, da kuma wa makaɗin yake nufi da wani habaici. Bakandamiyar Shata kaɗai ba iri ɗaya ce ke hannun jama'a ba. Sau da yawa tarihin sarauta da na zumunci ake warwarewa da sunan hirar waƙa, shi ya sa malaman jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya suka mayar da waɗannan waƙoƙi fagen nazari.

Masu farautar tsofaffin fayafayai

Tun daga shekarun 2000 'yan kasuwa da masu tara fayafayai daga Turai da Amurka da Japan suka riƙa bin kasuwannin Najeriya suna saye tsofaffin fayafayan shekarun 1970. Kamfanin Soundway na Birtaniya ya fitar da Nigeria Rock Special a 2008, aka sake jin ƙungiyoyin da har a gida an manta da su.

Kiɗan fadar Hausa bai samu irin wannan gata ba. Dalilin a fili yake: daɗinsa a cikin magana yake, wanda ba ya jin Hausa, balle Zamfarci, kotso kawai zai ji yana tashi. Abin da ya ja hankalin waje daga ƙasar Hausa wani abu ne daban. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga waƙoƙin finafinan Kano a faifan roba da sunan Harafin So, ya kuma sake fitar da kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda aka ɗauka a gidan rediyon Yamai a 1978. Waƙoƙin da aka haɗa da kwamfuta a Kano sun koma kan allura a Amurka.

Fayafayan da suka rage a gidajen arewa kuwa suna fuskantar abokan gaba uku: zafi, da ƙura, da magada waɗanda ba su san darajarsu ba. A Zamfara akwai na huɗu, domin hare-haren 'yan bindiga da suka addabi ƙasar Tsafe da maƙwabtanta a shekarun baya-bayan nan sun raba iyalai da dama da gidajensu, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar akwatin faifai.

Wanda ya gaji irin wannan akwati, abin da ya kamata ya sani kaɗan ne. Faifan roba yana lanƙwashewa idan ya sha rana ko aka jibga shi kwance, don haka a tsaye ake jera shi cikin rigarsa, a wuri mai inuwa. Ana riƙe shi ta baki da cibiya, ba a taɓa fuskar. Ba a ɗora faifan roba a kan tsohon garmaho mai wani, domin allurar ƙarfe za ta cinye kwarin a sauraro guda. Tsohon faifan ƙaro kuma ba a goge shi da sinadarin da ke da barasa a ciki, saboda narkar da shi yake yi.

Kafin a kwafe waƙar zuwa kwamfuta ko waya, yana da kyau a ɗauki hoton takardar da ke tsakiyar faifan. A nan ne sunan makaɗi, da na kamfani, da lambar faifan suke, kuma galibin waƙoƙin da ke yawo a wayoyin jama'a a yau sun rabu da wannan bayani tun zamanin kaset.